Rigar Fata da Yoyon Mai a Hanyar Damagaram

Sun ce ba zai yiwu ba, kuma a gabana suka faɗa. A majalisarmu ta ƙofar masallaci a Panshekara, inda tsofaffin ma'aikatan Challawa ke zama bayan la'asar, an tattauna al'amarina kamar ba na wurin. Wani ya ce wanda ya haura saba'in ba ya tuƙa keke daga Kano zuwa Damagaram, sai dai a ɗora shi da keken a bayan mota. Wani ya ce kafin in kai Kazaure gwiwoyina za su yi ritaya kamar yadda na yi. Ɗana Kabiru, wanda ya sayo mini keken a wajen 'yan gwanjo saboda likita ya ce in riƙa motsa jiki, ya ce shi zagayen unguwa ya nufa, bai nufi tsallaka iyakar ƙasa ba. Mai ɗakina Hajiya Asabe ce kaɗai ba ta yi musu ba. Ta fara haɗa mini dambun nama, domin ta san halin wanda take aure.

Wajibi ne in bayyana dalili, kada mai karatu ya ɗauka rigimar tsufa ce. Na yi karatu a makarantar koyon sana'a tun zamanin da malami ke duba farcen ɗalibi kafin ya duba aikinsa. Na fara aiki a wata masaƙa a Bompai, daga nan na koma wani kamfanin jimar fata a Challawa, inda na zama mai kula da injuna har na ajiye aiki. Babbar amanata a can ita ce injin matse fata, wanda ke aiki da ƙarfin mai. Mutumin da ke tsaye a gaban wannan inji kullum shi ne Malam Hamidu, ɗan wani ƙauye da ke gefen Damagaram a ƙasar Nijar. Kowace safiya, kafin a kunna, Malam Hamidu zai shafa yatsa a jikin sandar ƙarfen da ke shiga tana fita, ya ɗaga mini yatsan, ya ce, "A bushe take, Injiniya." Sai na ji haka nake ba da izinin fara aiki.

Keke ɗaya muke hawa zuwa wurin aiki. Ni na saya, shi ke tuƙawa, ni kuma ina zaune a kariya, wato mazaunin baya, da jakar kayan aiki a cinya. Har gobe ina ganin wannan rabon aiki ne na adalci. To amma ranar da aka yi masa walimar sallama zai koma gida, sai ya tashi a gaban jama'a ya ce shekara da shekaru yana jan Injiniya, bai taɓa ganin ƙafarsa a kan feda ba, yana ma shakkar ko ya iya. Aka yi dariya ƙwarai. Na miƙe na gyara babbar rigata, na shaida wa mutanen wurin cewa idan Allah ya ba ni rai, da ƙafata zan tuƙa keke har ƙofar gidansa, in goya shi a baya in kai shi masallacin Juma'a.

Shekaru suka shuɗe ban cika ba. Sai bana, gab da Babbar Sallah, wani mai fataucin fata ya kawo mini saƙo daga bakinsa. Ya ce a gaya wa Injiniya idan zai zo ya zo, domin idon da zai shaida ya kusa rufewa.

Keken nawa irin na hawan duwatsu ne. Ƙafafunsa na gaba, waɗanda makanikai ke kira fok, suna da shokozoba a ciki. Wasu bututu biyu masu ƙyalli ne ke nutsewa cikin wasu biyu masu kauri idan taya ta daki rami, akwai ɗan mai a ciki domin santsi, a bakin kuma akwai zoben roba da ke hana man fitowa. Na kai shi Sharada aka ƙera masa kariya mai ɗaukar babban mutum. A nan ne tsohon abokin aikinmu Ɗanladi ya gan shi. Mu mutanen jima muna da wata ɗabi'a: ba ma iya ganin abu a tsirara. Rediyo, tocila, wayar hannu, marikin buta, duk sai mun ɗinka musu riga da ragowar fata. Ɗanladi ya dubi bututun nan masu ƙyalli, ya girgiza kai, ya ce yashin Nijar zai karce su tun kafin in ga Matamaye. Ya tafi da awonsu, ya dawo da riguna biyu na jar fata mai taushi, da ado da tuntaye, ya ɗinke su a jikin bututun da hannunsa. Duk majalisa aka yaba. Ni ma na yaba, domin aiki ne na gwani.

Daga Kano zuwa Kazaure, gwiwoyin da aka yi wa mugun fata ba su ce komai ba. Mazaunai ne suka kai ƙara, kuma babu wanda ya yi mini gargaɗi game da su. Tsarina shi ne in tashi bayan sallar asuba, in tuƙa har rana ta yi zafi, in nemi inuwa, in ci gaba bayan la'asar. A Kazaure wani mai shayi ya tambaye ni inda na nufa. Da na faɗa masa, ya ƙara mini ƙwai, ya ƙi karɓar komai, ya ce yana so a ce da shi aka yi. A Daura na huta a gidan wani ɗalibina na da, aka gasa mini ƙafafu da ruwan zafi. Kabiru yana bugo waya a kowane zango yana tambaya ko ya turo mota. Amsata ba ta canja ba.

A bakin iyaka ma'aikatan ɓangarorin biyu sun karɓe ni da mutunci. Ɗaya daga cikin na can ya duba takarduna, ya dubi furfurata, ya dubi tuntayen Ɗanladi, sannan ya roƙe ni in ɗan zagaya a gabansu su gani da idonsu. Na zagaya a hankali, kai a miƙe. Suka tafa, suka buɗe mini hanya.

Sai da na tsallaka na san na bar gida. Hausa ake yi, amma wani lokaci sai na nemi a maimaita. Allunan hanya da Faransanci, kuɗin hannuna sun zama baƙi, wasu na ce mini Tsoho kai tsaye, babu Alhaji balle Injiniya. Ban ji haushi ba, amma na lura. Abin da ya fi taɓa ni shi ne manyan motocin da ke wuce ni sun nufi kudu, maƙare da fatun layya. Duk wanda ke bakin hanya yana toshe hanci. Ni kuwa na tsaya na sauke ƙafa, na shaƙa sosai, domin warin Challawa ne da safe, lokacin da jiniya ke kiran masu canjin aiki. Na tuna Hajiya tana miƙo mini kwanon abinci a zaure. Na daɗe a tsaye ina bin ɗaya daga cikin motocin da kallo, kuma ba zan ɓoye ba, da direban ya tsaya ya yi mini tayi a wannan lokacin, ban san amsar da zan ba shi ba.

Kafin Matamaye hadarin farkon damina ya taso. Iska ta fara zuwa da yashi, mai shiga kunne da haƙora, sannan ruwa ya biyo baya. Na fake a wata rumfa har ya ɗauke, na ci gaba cikin taɓo da tsakuwa. Washegari, bayan na wuce garin, na fara jin abubuwa biyu da ban so ba. Birkin gaba yana kuka idan na matsa, kan keken kuma yana dukan hannuna fiye da da. Na sauka na duba. Idon majemi ne ya fara gani, kafin na makaniki: rigar ƙafar dama tana nan ja, ta hagu kuwa ta yi duhu kamar an tsoma ta a miya. Na matsa ta da yatsa, yatsan ya fito da maiƙo. A ƙasa, wani siririn layi na mai ya gangara har kusa da faifan birki.

Na san ma'anar wannan. Idan mai ya cika birki, ba ni da abin tsayawa a gangare. Idan kuma ƙafar ta bushe a ciki, ƙarfe zai ci ƙarfe har ta lalace, kuma babu inda zan sami irinta a wannan yanki. Abin da zai rage shi ne in shiga mota, in sauka a ƙofar Malam Hamidu kamar kowane fasinja, ya laluba hannuna ya ce, ai dama ya faɗa.

Na tura keken zuwa wani gari mai kasuwa, aka nuna mini rumfar wani mai gyara. Mutum ne mai fara'a da saurin baki. Bai taɓa keken ba ya yanke hukunci. Ya ce zuciyar fok ɗin ce ta fashe, irin wannan ba ya gyaruwa ko a ƙasar da aka ƙera shi. Amma saboda girman furfurata, zai cire mini shi ya sa mini na ƙarfe zalla, shi kuma ya riƙe mataccen don kada ya yi mini nauyi. Ina sauraronsa ina kallon bayan rumfar, inda wani keke irin nawa ke jingine, komai nasa lafiya, ƙafafun gaba kawai ya rasa. Na yi masa godiya bisa tausayinsa, na ce mataccen nawa zan kai shi gida a yi masa sutura. Ya yi dariya, bai ji kunya ba. Ya ce to aƙalla in sayi man shokozoba na asali, ya ɗauko wata 'yar kwalba mai rubutun Faransanci, bakinta a liƙe. Wannan kam na saya, na yi gaba ina jin na tsira.

Rana ta take lokacin da na isa wani ƙaramin ƙauye a bakin hanya. Akwai wata babbar bishiyar gawo, a ƙarƙashinta wata dattijuwa tana sayar da fura da ƙosai. Sunanta Inna Haule. Ta ga yadda nake tura keke ina haɗa gumi, ta shimfiɗa mini tabarma tun kafin in yi sallama ta biyu, ta dama fura ta miƙo. Ta ce in sha tukuna, keken ba zai gudu ba. Na sha, hankalina ya dawo jikina, na buɗe jakar kayan aiki.

Abu na farko, na fasa bakin kwalbar da na saya, na shinshina kamar yadda aka koya mana. Ƙamshin ƙuli-ƙuli ya bugi hancina. Na miƙa wa Inna Haule, ta shinshina, ta ɗanɗana, ta ce man gyaɗa ne, kuma mai kyau, wanda ya cuce ni bai yi mini algus ba. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Na ce tunda haka ne a zuba a kasko. Da shi aka soya ƙosan da muka ci da yamma, kuma ban taɓa cin ƙosai mai tsadarsa ba.

Daga nan na koma ga aiki. A Challawa, idan inji ya yi yoyo, ba ma yarda da inda muka ga mai, domin mai yana tafiya, inda ya taru daban da inda ya fito. Ƙa'idarmu ita ce a goge komai tas, a barbaɗa garin alli, a motsa injin, a zuba ido a ga inda fari zai fara jiƙewa. Na sa reza na warware ɗinkin Ɗanladi a hankali, ba tare da na yanka fatar ba. Da rigar hagu ta buɗe, yashi ya zubo daga cikinta, cike da tafin hannu, ya cakuɗe da mai ya zama kamar ƙullu. Ta dama ma akwai yashi, amma busasshe. Na goge ƙafafun biyu da tsumma har suka yi ƙyalli.

Alli ne babu. Na tambayi Inna Haule, ta ce makarantar ƙauyen tana hutu. Ta tambaye ni abin da zan yi da shi, na yi mata bayani. Ta shiga gida ta fito da rariya da garin gero, ta tankaɗe mini mai laushin a faifai. Ta ce idan wannan bai yi ba akwai toka.

Wurare huɗu nake zargi, kuma na barbaɗa wa kowanne gari. Akwai murfin sama, kusa da kan keke. Akwai igiyar birki, domin birkin ma da mai yake aiki, kuma ta jikin ƙafar hagu igiyarsa ta bi. Akwai notin da ke can ƙasa. Sai kuma bakin zoben roba. Kafin in gama, masu dawowa daga gona sun kewaye ni, kowa da ra'ayinsa. Wani dattijo ya ce a ɗaure da tsumma a yi bismillah a tafi. Wani ya ce a kai wa mai walda ya haɗe ƙarfen biyu kowa ya huta. Inna Haule ta ce su yi wa baƙonta shiru, ba su ga likita yana duba marar lafiya ba?

Na matse birki, na danna kan keken da nauyina, na saki, na sake dannawa, har na ji kafaɗuna. Sannan na durƙusa na sa tabarau. Murfin sama fari fat. Igiyar birki fara, hannun birkin ma da ƙarfinsa, bai yi laushi ba, saboda haka na wanke shi daga zargi. Notin ƙasa, inda man ya fi taruwa da farko, bai jiƙe ba ko kaɗan. A bakin zoben roba na hagu kuwa, ta baya, wajen da ido ba ya kaiwa sai an leƙa, garin ya yi wani ɗan tabo mai duhu kamar ƙwayar wake, yana faɗaɗa a hankali.

An sami ƙofar, saura dalili. Idan bututun ne ya karce, to kowane nutsewa zai riƙa yanka robar, kuma babu dabarar da zan yi a gindin gawo. Na wanke hannu, na bi jikin bututun da farce, daga sama har ƙasa, na zagaya shi gaba da baya, ido a rufe. Farcen bai maƙale ko'ina ba. Akwai inda ƙyallin ya ɗan dusashe, amma babu rami. Na ce alhamdu lillahi a fili, mutanen suka amsa kamar sun san abin da ake nema.

Sai lissafin ya fito mini sarai. Rigar Ɗanladi a buɗe take ta sama, iska ta cika ta da yashi, ruwa ya kora shi ƙasa. Duk lokacin da ƙafar ta nutse, fatar tana tattarewa ta tura yashin cikin bakin robar, har wasu ƙwayoyi suka shige ƙarƙashin leɓenta suka ɗaga shi. Da bututun a tsirara yake, robar da kanta za ta share yashin, domin aikinta ke nan. Sannan fata, kamar yadda kowane majemi ya sani, tana shan mai. Ta yi ta shanye yoyon tana ɓoye mini, sai da ta ƙoshi ta bar shi ya gangara. Mun yi wa abu riga domin mu kare shi, rigar ta zama ita ce cutar. Na zauna ina dariya ni kaɗai, ina tuna yadda dukanmu, tsofaffin ma'aikata masu furfura, muka tsaya muna yaba tuntaye.

Maganin bai yi wuya ba. Na yanki gefen gorar ruwa ta roba, na fere shi siriri mai ɗan lanƙwasa a baki, na zura shi a hankali tsakanin bututu da zoben, na zagaya da shi ina jawowa sama. Ya fito da yashi da ɗan gashin fata. Na maimaita har ya fito da tsabta. Wani mai babur a ƙauyen ya kawo ragowar man ƙafar babur ɗinsa, na shinshina, wannan karon babu ƙuli-ƙuli. Ma'aikaciyar ɗakin shan magani ta ba da sirinji marar allura da ɗan sifirit. Muka kifa keken, na sassauta notin ƙasa, na ɗura man daidai gwargwado, na ɗaure. Na wanke faifan birki da sifirit, na goge takalman birkin a kan wani lafiyayyen dutse har baƙin ya fita. Na sake barbaɗa gari, na sake dannawa. Muka jira. Gari ya zauna fari.

Na kwana a zauren mai garin. Da safe na nemi in yi wa Inna Haule alheri, ta ɓata rai, ta ce ai an biya ta da man gyaɗa. Da ta ji labarin alkawarin da ya fito da ni, ta ƙulla mini fura a leda, ta ce in gaya wa abokin nawa wata tsohuwa tana gaishe shi, kuma idan ya hau ya riƙe ni da kyau, domin ta ga yadda nake karkata. Rigunan fatar kuwa na kakkaɓe su na sa a jaka. Kyautar aboki ba a yar da ita don ta yi kuskure.

Daga nan har Takeita, inda hanya ta karya gabas, ina tsayawa lokaci lokaci in shafa yatsa a bututun in duba. Iska tana gabana, cinyoyina suna zafi, dambun Hajiya ya kusa ƙarewa. Da manyan duwatsun Damagaram suka bayyana, na ce wa keken ga danginsa nan, tunda an ce don duwatsu aka yi shi, ya zo ƙasar da zai gan su.

Na isa ƙauyen Malam Hamidu da hantsi, ranar Juma'a. Tun daga nesa na hango shi a kan dakali, ya rame, gemu ya yi fari, yana fuskantar hanya. Na buga ƙararrawa irin bugun da yake yi a ƙofar gidana a Panshekara. Ya ɗaga kai. Na zo gabansa ban sauka ba, na zagaya a fili domin duk abin da ya rage a idon ya samu rabonsa.

"Wane ne wannan yake tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai?" in ji shi.

"Wanda aka ce bai iya ba ne, Malam Hamidu."

"Ina ganin inuwa tana juyawa. A ina motar ta sauke ka?"

Na ce ya tambayi ƙafafuna, ga su nan sun kumbura. Ya miƙe, muka rungume juna. Da muka zauna na ba shi labarin yoyon tun daga farko, na ciro rigunan na sa masa a hannu. Ya shafa ɗinkin ya ce wannan hannun Ɗanladi ne, ko a mafarki ya san shi. Ya kai fatar hanci ya shaƙa, sannan ya ce in bar masa su. Ya ce da yana nan, shi ma da ya yaba, har ma ya ce a ƙara tuntu.

Da lokacin masallaci ya yi, iyalinsa suka so hana shi hawa keken. Ya ce da su su matsa, wannan magana ta girmi yawancinsu. Amma kafin ya hau, sai ya ce a kawo masa kan keken. Ya durƙusa a hankali, ya laluba har ya sami bututun hagu, ya zagaya bakin robar da yatsa, gaba da baya. Ya murza yatsan da babban yatsa, ya ɗaga shi sama wajen da yake jin muryata.

"A bushe take, Injiniya."

Na ce, "To, a kunna."

Ya hau kariyar da aka ƙera domin shi a Sharada, ya riƙe ni da hannu biyu kamar yadda Inna Haule ta yi umarni. Yashin ƙauyen ya kama taya, muka karkata hagu, muka karkata dama, mutane suna biye da mu suna salati. Yana bayana yana ba da umarni, in rage, in ƙara, in kauce wa ramin da ya sani ni ban gani ba. Na ce masa fasinja ba ya magana. Ya ce shekarun da ya yi yana ja na, ban taɓa yin shiru ba. Muka isa ƙofar masallaci ba mu faɗi ba, birki ya kama ba tare da kuka ba, na sauke ƙafa, ya sauka. Ya juya ga jama'ar da suka taru, ya ce su shaida, ya janye maganarsa, Injiniya ya iya keke, ko da yake ba sosai ba.

Na dawo Kano a mota, kuma ban ga abin kunya a ciki ba, domin alkawarin zuwa na yi. Ɗanladi har yanzu yana cewa laifin yashin Nijar ne, fatarsa ba ta da aibi, ni kuma na bar shi a kan haka. Majalisa ta koma cewa dama sun san zan iya. Ba na jayayya da kowa. Buƙatata ɗaya ce ga 'ya'yana da jikokina, da duk wanda ya ci abinci a gaban injin matse fata a Challawa: a rubuta, kada a bar shi a baki ya sauya. Ranar Juma'a ta biyu bayan Babbar Sallar bana, kafin liman ya hau mumbari, na sauke Malam Hamidu a ƙofar masallacin ƙauyensu, da ƙafata, yana gani.